Gidan Hayar Marcella Pokorny

Aikina riƙon kuɗin mutane ne. A nan Nebraska, kamar ko'ina a ƙasar, in mutum ya sayar da gona ko gidan haya, gwamnati tana da haraji a kan ribar da ya ci. Amma doka ta bar ƙofa. In bai taɓa kuɗin da hannunsa ba, ya bar su a ofishi irin namu, ya sayi wata kadarar haya da su cikin wa'adi, to ana ɗaga masa ƙafa. Ba yafewa ake yi ba. Harajin yakan tashi daga tsohuwar kadara ya bi shi sabuwa ya zauna. In ya sake musanya, ya sake bin sa, ya ƙara girma. Mutuwar mai dukiya ce kaɗai ke kashe shi, don magada sukan karɓa a kan farashin ranar rasuwa, kamar ba a taɓa cin riba ba. Duk wanda ya shigo ofishinmu ya san da haka. Ba a dai faɗa da ƙarfi.

Ni na buɗe wa Marcella Pokorny fayil, ina sabon shiga aiki. Mijinta Leonard bai daɗe da rasuwa ba, 'ya'yanta biyu ba manomi a cikinsu, ita kuma gwiwoyinta sun gaji. Gonar ta ubanta ce, ta gada tun ƙasa tana araha, kuma a gidan gonar aka haife ta. Wani kamfanin noman masara ya saya gaba ɗaya. Ta shigo da kwalin kolaci, burodin nan namu mai 'ya'yan itace a tsakiya, ta dire shi a kan takarduna.

"Kai ne ɗan Emil Tichota?"

Na ce ni ne, Vernon.

"Ubanka ya taɓa neman in yi rawa da shi a bikin coci. Na ce ya je ya wanke wuya tukuna. Har yau bai dawo ba." Ta zauna. "To, ɗan Emil, bayyana mini. Kuɗina ne, amma ba zan gan su ba?"

"Ko a asusunki ba za su kwana ba, Misis Pokorny. Suna shiga hannunki, haraji ya hau."

"Ai haka Leonard ya yi mini shekara arba'in. Na saba. Ina zan sa hannu?"

Da kuɗin gonar aka sayi wani bene na 'yan haya a Lincoln. Ita ta kama ɗaki biyu a cikin garinmu, bayan coci. Bayan wasu shekaru ɗaliban da ke haya a benen suka ishe ta da fasa tagogi, ta sayar da benen, aka musanya shi da jerin ɗakunan ajiyar kaya a bakin babbar hanya. Sau ɗaya ta je ta gan su. Ta ce mini ba ta taɓa zaton za ta mallaki gari guda na ƙofofi da babu mutum ko ɗaya a cikinsa ba.

Harajin nan ta sa masa suna. Mutumin take ce masa. In mun haɗu a bakin coci sai ta ja ni gefe.

"Ya mutumin? Yana nan?"

"Yana nan."

"Ya yi ƙiba?"

"Ya ɗan ƙara."

"Bar shi ya ci. Kabari ɗaya za a haƙa mana."

Tana faɗa tana dariya, ni ma ina yi. A lokacin wasa ne.

Tana da shekara saba'in da tara gidan gonar ya fito kasuwa. Kamfanin masara tun da can ya yanke gidan da 'yar farfajiyarsa ya sayar wa wani malamin makaranta, shi kuma yanzu zai bar garin. Marcella ta ga allon sayarwa a bakin hanya ranar Lahadi. Ranar Litinin ta zo ofis da ɗanta Glenn, mai sayar da injinan noma, da akantan da ke duba mata lissafi. Da jan-baki ta zo, rabon da in gan ta da shi tun ranar jana'izar Leonard.

"Ɗan Emil, a sayar da ƙofofin nan," ta ce tun kafin ta zauna. "Gida zan koma."

Glenn ya tashi ya rufe ƙofar ofishin.

"Mama, kada ki sake faɗin wannan maganar."

"Wace?"

"Ta komawa gida."

Akantan ya yi mata bayani a hankali. Musanya ta kadarar haya ce da kadarar haya. In da niyyar zama ta sayi gidan, to ba musanya ba ce, kuma harajin duk shekarun nan zai faɗo mata lokaci guda. Hanyar da ake bi, a zuba 'yan haya na gaske, su biya haya ta gaske, shekara biyu. Bayan haka mutum yana da ikon canza ra'ayi ya shiga gidansa. Amma kafin nan kada ta faɗa, kada ta rubuta, ko a katin gaisuwa, cewa don zama ta saya. In hukumar haraji ta zo bincike, niyya take nema.

"In na biya mutumin yanzu fa, na huta?"

"Za ki sami gidan," in ji akantan. "Abin da zai rage ba shi da yawa."

Glenn ba mugun ɗa ba ne, ina so a san wannan. Shi ke kai ta asibiti, shi ke share mata ƙanƙara a ƙofa. Ya ga yadda kuɗin jinya ya cinye gonar surukinsa, yana tsoro. Ya durƙusa gaban kujerarta.

"Shekara biyu ce kawai, Mama. Ke da likita ya ce zuciyarki ta fi tawa?"

Ta juyo gare ni. "Kai me ka gani?"

Ofishinmu ba ya ba da shawara kan haraji, a rubuce yake a kowace takarda da muke bayarwa. Na ce mata riƙon kuɗi ne aikina.

Ta murza hannun jakarta. Sannan ta ce, "Itacen tuffar bayan gidan, shekara shida na jira shi kafin ya ba ni ɗa ɗaya, shi ma tsutsa ta riga ni. Biyu ba komai ba ce. Ba zan bar wa yarana ƙofar gida kaɗai ba."

Glenn ya ce, "To in wani ya tambaye ki, me za ki ce?"

"Gidan haya ne."

"Ƙarasa."

"Gidan haya ne, ba don in zauna na saya ba."

"Sake faɗa."

"Kai, Glenn, ni na koya maka magana. Har cokali ni na koya maka suna."

Amma ta sake faɗa. Aka sayar da ɗakunan ajiya, kuɗin suka zo hannuna, na biya kuɗin gidan, ragowar aka sa a wani shago da ke haya. Komai ya tafi cikin wa'adi. Ban taɓa rufe ciniki mai tsabta kamarsa ba.

Waɗanda suka kama hayar su ne Yesenia Olvera da mijinta da 'ya'yansu mata, ita da mijin suna aiki a kamfanin nama. Gidana yana gaba da wurin, kullum ta nan nake bi. Ba a yi wata ba na fara ganin tsohuwar motar Marcella, koriya, a tsaye a bakin hanyar da ta shiga gidan. Ba ta shiga. Takan kashe inji ta zauna, hannu biyu a kan sitiyari, tana kallon gidan har rana ta yi ƙasa. In na wuce na ɗaga mata hannu ba ta ganina.

Wata Lahadi Yesenia ta tare ni bayan coci.

"Mista Vernon, kai ka san kowa. Wace ce tsohuwar nan ta koriyar mota? Yarana sun daina wasa a tsakar gida. Ƙaramar ta ce fatalwa ce. Na ce mata fatalwa ba ta shan fetur."

Na ce mai gidan ce, uwar Glenn.

"Mai gidan? Kuma na bar ta a titi?"

Da yammar nan ta fita da kofin shayi ta ƙwanƙwasa gilashin motar. Ita ta ba ni labari daga baya. Marcella ta sauke gilashi, tun kafin a gaisa ta ce, "Gidan haya ne, ba don in zauna na saya ba."

"Ni fa ban tambaye ta ba!" in ji Yesenia. "Na ce, Kaka, shigo ki sha shayi. Ta ce a'a, 'yata, ba a yarda ba. Wa ya hana?"

Ba wanda ya hana ta shiga ta gaida 'yan hayarta. Akantan bai faɗi haka ba, Glenn ma bai faɗa ba. Ita ce ta ja wa kanta layi a bakin hanyar, ina jin don ta san in ta taka ciki, maganar da aka hana ta za ta fito.

Shayin dai ta karɓa, kuma daga nan ya zama al'ada. Yesenia ta kawo kofi, ta jingina da motar, Marcella ta ba ta saƙo. Tagar kicin in ta cije, a buge ta daga hagu. A naɗe famfon waje da tsumma kafin ƙanƙara ta farko. Kada a ajiye dankali a kusurwar arewa ta ɗakin ƙasa, ruwa na tsattsafowa. Duk abin da ta faɗa sai ya faru. Yesenia ta ce wani lokaci tana wanke-wanke sai ta ji kamar gidan ne ke magana da bakin tsohuwar, kamar su ne suka kutsa.

A shekara ta biyu na fara lura ta soma mantuwa. Ta zo ofis ta tambaye ni mutumin, na ce yana nan. Bayan kwana biyu ta dawo ta sake tambaya, da kaya iri ɗaya, da murmushi iri ɗaya. Wata rana ta kawo kolaci ba a sa masa komai a tsakiya ba. Wata rana kuma, tana fita, ta juyo ta ce in Leonard ya biyo in ce masa ta wuce gida.

'Yarta Rhonda, nas ce a Omaha, ta zo ta gani da idonta. A ofishina suka yi faɗan ita da Glenn, don a nan suka zo duba takardu.

"A biya harajin, a roƙi mutanen nan su tashi, a shigar da ita yanzu tana sanin inda take," in ji Rhonda.

"Saura wata bakwai, Rhonda. Bayan duk wannan jiran?"

"Kai inji kake sayarwa, ni tsofaffi nake wankewa. Na san me wata bakwai ke yi."

"To je ki tambaye ta. Ita da bakinta za ta ce a jira."

Rhonda ta je ta tambaye ta. Ta ce a jira.

Aka karɓe mata makullin mota bayan ta bi hanyar da ba tata ba har wani gari. Daga nan Glenn ke kai ta bakin hanyar, ya zauna tare da ita a akori-kurarsa, yana duba waya, ita tana duba gida.

Wa'adi ya cika a ƙarshen bazara. Su Yesenia suka koma cikin gari kusa da aiki, ba rigima. Rhonda ta ɗauki hutu, ta yi wa ɗakunan fenti, ta kwaso gadon uwarta da keken ɗinkinta da labulenta. Aka ɗauko Marcella. Glenn ya karya kan mota zai shiga hanyar gidan, sai ta cafke hannunsa da ƙarfin da bai san tana da shi ba.

"Tsaya! Ina za ka?"

"Gida, Mama. Lokaci ya yi."

"Gidan haya ne."

Ta ƙi sauka. Washegari ta ƙi. Suka kawo Fada, limamin cocinmu, ta gaishe shi da ladabi ta ƙi. A ƙarshe Rhonda ta bugo mini waya. Ta ce uwarta ba ta yarda da su, amma ni ta ɗauke ni bakin doka. In zo in faɗa mata.

Na ɗaura taye, na ɗauko fayil ɗin duk da ba abin da zan karanta a ciki. Na same su a bakin hanyar. Na zaga wajen tagarta na sunkuya.

"Misis Pokorny, Vernon ne."

"Ɗan Emil. Ubanka ya wanke wuyan?"

"Ya wanke. Na zo ne a kan aiki. Shekara biyu ta cika. An yi haya, an biya, komai daidai. Yanzu kina da ikon shiga gidanki ki zauna."

Ta dube ni, ta dubi fayil ɗin, sai ta yi murmushin wadda ta gano wayo.

"Gwada ni kake yi."

"Ba gwaji ba ne."

"Masu haraji suka aiko ka. To ka rubuta. Gidan haya ne, ba don in zauna na saya ba. Ka rubuta?"

"Misis Pokorny…"

Ta yafuto ni na matso, ta rage murya don kada yaranta su ji.

"Mutumin yana kujerar baya. Tun safe yake nan. In na taka, yaran zai kama."

Na san ba kowa a motar sai ita, Rhonda da Glenn sun fita sun tsaya. Duk da haka sai da na duba kujerar baya. Rigar sanyin Glenn ce da wata igiya.

Dabara ta ƙarshe Yesenia ce ta kawo ta. Ta ce tsohuwar 'yan haya ta sani, to a mayar mata da 'yar haya. Ranar Lahadi ta riga mu zuwa, ta dafa wake da nama a kicin, ta buɗe tagogi. Da muka iso ta fito baranda da tsumma a kafaɗa, ta tako har bakin hanya.

"Kaka, yau kam ba shayi a titi. Na yi girki ya yi mini yawa, mijina ya gudu wajen ƙwallo. In ba ki taya ni ba karnuka zan ba."

Marcella ta dubi Glenn. "Ita ta gayyace ni. Kun ji ko? Ku shaida ne."

"Mun ji, Mama."

Ta sauka. Ta taka hanyar a hankali, Yesenia na riƙe da gwiwar hannunta, mu muna biye a baya. A baranda ta goge takalmanta da kyau. A kicin ta zauna a bakin kujera, ba ta cire rigar sanyi ba, jaka a kan cinya. Ta ci wake, ta yaba, ta ce yaji ya ɗan yi yawa ga tsohuwa. Ta hango keken ɗinki ta ƙofar falo.

"Kekenki irin nawa ne. Ki riƙa sa masa mai, yana da kuka."

"To, Kaka."

Rhonda ta fita bayan gida don kada a ga fuskarta.

Da rana ta yi ƙasa Marcella ta miƙe, ta gyara jaka. Yesenia ta sha gabanta.

"Ki kwana mana. Ga ɗaki, ga gado a shimfiɗe. Baƙuwata ce ke."

Ta ja ta zuwa ƙofar ɗakin. A ɗakin nan aka haife ta, kuma gadonta ne, da bargon da ta saƙa da hannunta. Ta ɗora tafinta a jikin katakon ƙofar, ta daɗe a tsaye. Na ga yatsunta suna laluben wani wuri a katakon har suka same shi suka tsaya. Na zaci za ta shiga. Glenn ma ya zaci haka.

"Ɗakin yana da kyau," ta ce. "Amma ba tukuna ba, 'yata. Saura kaɗan."

Ta yi godiya ta fita. Ba ta sake yarda ta sauka daga mota ba, ko da Yesenia ta sake gwadawa. Kafin sanyi ya kama aka kai ta gidan kula da tsofaffi, don ba ta iya zama ita kaɗai. A can ta rasu, lokacin ƙanƙara, tana da shekara tamanin da biyu. Tun da ta sake sayen gidan, ba ta kwana a cikinsa ba ko sau ɗaya.

Bayan jana'iza Glenn ya zo karɓar kwafin takardu don lauyan gado. Na haɗa masa su bi da bi, daga gonar zuwa benen, zuwa ɗakunan ajiya, zuwa gidan. Bai tashi ba.

"Vernon, harajin nan fa, yanzu ina yake?"

"Babu shi."

"Ko sisi?"

"Ko sisi. In kun sayar yau, ba abin da za ku biya a kan ribar baya."

"Wato ya yi aiki." Ya murza idonsa. "Komai ya tafi yadda muka tsara."

Na tura masa takardun, ya ci gaba.

"Rhonda ta ce ba za ta sa hannu a sayar ba. Na ce to ni zan koma ciki, matata ma ta yarda. Na je da jaka ran Asabar in kwana in gani. Da makulli a hannuna, gidana ne. Na tsinci kaina ina ƙwanƙwasa ƙofa." Ya yi wata 'yar dariya. "Na kai kicin, na zauna. Na kasa cire rigata. Na dawo gida."

Ya kwashi takardunsa ya tafi. Na rubuta ranar a bangon fayil ɗin, na kai shi ɗakin ajiya.

Har yanzu ba a sayar da gidan ba, ba a kuma ba da shi haya ba. Rhonda ke biyan kuɗin gas don kada bututun ruwa su daskare su fashe. Da safe in zan tafi aiki nakan ga hayaƙi na tashi daga bututun rufin, siriri, yana ɗumama ɗakunan. Da yamma in na dawo yana nan yana tashi.